Ranar Al'ada Ko Ranar Kayan Aro?

A ƙarshen shekarar karatun da ta wuce ɗiyata ta shigo gida da takarda a hannu. Makarantarsu za ta yi bikin al'adun gargajiya, an gayyaci manyan gari, kuma kowane uba zai biya kuɗin anko da na hayar rumfa da kujeru da lasifika. Ban da wannan, an ce yarinya ta zo da ƙwarya da ludayi da zanen saƙi, yaro kuma ya zo da walki da malafa, da kwari da baka in an samu. Na zauna na lissafa, abin ya tasam ma jika bakwai. A gidan malamin makaranta jika bakwai ba abin wasa ba ce, balle a gidan manomin da rumbunsa ya yi ƙasa yana jiran saukar damina. Na biya. Kunya ce ta sa na biya, don ba na so a ce ɗiyar mushe ce ta zo ba anko.

An sa ƙarfe tara na safe. Manyan baƙi ba su iso ba sai wajen sha ɗaya da rabi, yara kuwa tun hantsi suna jere cikin rana, lalle da kwalli suna narkewa. Aka yi jawabi huɗu. Uku da Faransanci aka yi su tun daga farko har ƙarshe. Mai na huɗun ya yi sallama da Hausa, ya gai da sarakuna da malamai, sa'an nan ya nemi afuwa wai bakinsa bai saba ba, ya koma Faransanci shi ma. A ranar al'ada ke nan, a tsakiyar ƙasar Tasawa, gaban iyayen da mafi yawansu ba su ji ko kalma goma daga abin da aka faɗa ba.

Daga nan aka shiga wasanni. Ƴan mata suka yi daka a turmin da babu ko ƙwayar hatsi a ciki. Yara maza suka yi noma a kan rairayin filin ƙwallo. Aka yi kwaikwayon auren ƙauye, aka sa wa ango gemun auduga, aka yi ta dariya, wayoyi sama kowa na ɗauka. Ina tsaye daga gefe sai ga wani yaro da na taɓa koyarwa, ya sha rawani da takobin katako. Na kira shi na ce, "Kai kuma wane ne yau?" Ya ce, "Mutumin da ne, mushe." Na ce, "Wane mutumin da? Na wane gari? Mene ne sunansa?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba a faɗa mana ba. An dai ce mu sa."

Wannan amsa ce ta hana ni barci, kuma ita ta sa nake rubuta wannan zuwa gare ku, malamai ƴan'uwana da iyayen yara. Abin da muke kira bikin al'ada a makarantunmu da garuruwanmu, yadda muke yin sa yanzu, ba ya raya komai. Yana koya wa yaro cewa kakansa wani abin dariya ne mara suna da ya shuɗe, cewa al'ada tufa ce da ake arowa da safe a mayar da yamma, kuma mu iyaye mu ke biyan kuɗin wannan darasi da hannunmu.

Ba da daɗewa ba bayan bikin, wani tsohon ɗalibina da neman abinci ya kai Amurka ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Titi ne an rufe shi, ga tutoci kore da fari da ja, ga mata da faffaɗan siket suna juyi, ga makaɗa da manyan malafu, ga abinci iri-iri. Ya ce bikin ƴan asalin ƙasar Meziko ne mazauna birnin, ana yin sa kowace shekara ranar 5 ga Mayu. Ya ƙara da cewa, "Mushe, ka ga yadda mutane ke riƙe da al'adarsu." Na yi niyyar in amsa masa da to, amma halin malanta ya hana. Na tambaye shi irin tambayar da na yi wa mai takobin katako: me ya faru ranar 5 ga Mayu? Ya ce yana jin ranar ƴancin kansu ce.

Ba ita ba ce. Ranar ƴancin Meziko 16 ga Satumba ce. Abin da ya faru 5 ga Mayu 1862 shi ne, a bakin birnin Puebla sojojin Meziko ƙarƙashin Janar Ignacio Zaragoza suka kori rundunar Faransa da Napoleon na Uku ya aiko, alhali Faransawan sun fi su makamai da horo. I, Faransan nan dai da muka sani. Nasarar ba ta ma daɗe ba, don a 1863 Faransawa sun dawo sun ci Puebla, sun shiga babban birnin ƙasar, sun ɗora wani basaraken Turai mai suna Maximilian, sai a 1867 aka raba su da ƙasar. Amma ƴan Meziko da ke zaune a Kalifoniya sun riƙe ranar tun 1863, suna taruwa suna tunawa da cewa talaka mai tsohuwar bindiga ya taɓa mayar da sarkin Turai baya.

Abu biyu na ɗauka daga labarin nan, kuma ba hanya ɗaya suke nunawa ba. Na farko gargaɗi ne. Daga shekarun 1980 kamfanonin giya suka gano akwai ciniki a ranar, suka shiga da talla, har ta zama ga Amurkawa da yawa ranar sha da sanya malafa kawai. Shi ya sa ɗalibina, da ya tsaya a tsakiyar bikin da ƙafafunsa, bai san me ake tunawa ba. Biki yana iya cika titi maƙil, cikinsa kuwa fanko, kamar turmin ƴan matan namu.

Na biyun shi ya fi damuna a matsayina na malami. A shekarun 1960, lokacin da samarin ƴan asalin Meziko suka sake ɗaukaka wannan rana, ba su tsaya ga rawa ba. A watan Maris 1968 dubban ɗaliban sakandare a gabashin birnin Los Anjeles suka fice daga azuzuwa. Cikin abin da suka nema har da a daina hukunta yaro don ya yi Sifaniyanci a makaranta, a koyar da harsuna biyu, a sa tarihin kakanninsu cikin darussa. Wani malaminsu, Sal Castro, yana cikin waɗanda aka kama saboda wannan. Wato su, tutar da suke ɗagawa a titi tana da alaƙa da abin da ake rubutawa a allon aji. Mu namu bikin, da me yake haɗe? Da hoton da za a sa a Facebook.

To, wani zai ce su suna da ranar da za su tuna, mu fa? Wannan tambaya ita ce babbar shaidar abin da nake kuka a kai. Ka fita daga Tasawa ka nufi gabas kan hanyar Damagaram, ba ka yi nisa ba za ka iso Mai Jirgi. A nan kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa biyu da suka jagoranci rundunar da ta ratsa ƙasar nan a 1899 tana ƙona garuruwa, tana kashe mutane, tana kwashe mata da dabbobi. Su ne suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, su ne suka yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan Mayu, kuma su ne suka zubar da jinin mata da yara a Koran Kalgo. Ta'asar ta yi yawa har gwamnatinsu ta aiko Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Ranar 14 ga Yuli 1899, ranar bikin ƙasar Faransa, Voulet ya sa aka harbe Klobb a Ɗan Kori, nan cikin ƙasarmu. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka juya musu baya, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Shekara 37 ne kacal tsakanin Puebla da Mai Jirgi.

Ba na cewa nasara muka yi. Ragowar rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan nan na Yuli, mulkin mallaka kuma ya zauna shekara sittin. Labari ne mai ɗaci, kuma sojojin da suka kashe hafsoshin nan su ma hannunsu da jinin mutanenmu. Amma namu ne. A gonakin kakannin ɗalibanmu ya faru, a rijiyoyinsu, kuma har yau akwai gidajen da ake ba da shi baki da baki: wa ya gudu daji da goyo, wa aka kama ya yi dako bai dawo ba. Marubuci Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, har ya ci babbar kyautar bikin finafinan Wagadugu a 1987. Mutanen nesa sun san darajar labarin. Mu kuwa motocinmu na wucewa ta Mai Jirgi kullum, yara na leƙe ta taga suna sayen rake da gyaɗa. Na tambayi aji guda na yara manya wa ya san abin da ya faru a can. Hannu biyu suka tashi, ɗaya daga cikinsu ɗan garin ne, kuma daga bakin kakarsa ya ji, ba daga bakinmu ba.

Ba Mai Jirgi kaɗai ba. Me ya sa ake ce wa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina? Don lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yiwo arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi. Me ya sa Gobirawa suka taru a Tibiri? Don bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa garin. Yaron Mayahi mai zanen Gobirawa a fuskar kakansa yana da haƙƙin ya san wannan. Baturen nan Barth, da aka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairu 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya rubuta abin da ya gani na kasuwar garin da marinarsa. Tasawa ce ma mazaunin kwamandan Faransa na yankin kafin a mayar da shi Maraɗi a 1927. Duk wannan yana nan, amma da aka tashi naɗa wa yaro rawani sai aka ce masa shi "mutumin da" ne.

Na san dalilin da ya sa wasunmu ke tsoron taɓa tarihin nan. Maganar jihadi da Haɓe tana da ƙaiƙayi, masu karatun nan na Katsina da Sakkwato sun san haka, don kakannin wasu suna wannan ɓangare, na wasu suna wancan. Sai dai yaro ba ya lalacewa don an gaya masa kakanninsa sun yi yaƙi da juna, kowa da hujjarsa, daga baya suka yi ciniki da auratayya. Abin da ke lalata shi shi ne ya girma yana zaton kafin zuwan Bature babu kowa a nan sai masu daka da masu rawa.

Yanzu ku zo mu duba su kansu kayan da muke jerawa. Ƙwarya, turmi, hauya, tabarma. Wa ya ce waɗannan kayan da ne? Wace uwa ce a Urafan ko Kanan Bakashe ba ta yi daka yau da safe ba? Muna ɗauko rayuwar da yara suka baro a gida da asuba, mu sa mata suna gargajiya, mu nuna ta kamar abin da aka tono daga ƙasa. Yaron da uwarsa ke daka da gaske yana kallon ana kwaikwayonta ana dariya. Me kuke so ya ji a ransa?

Ku ɗauki kaba. Duk wanda ya san Mayahi ya san Gulbin Kaba da gorubarsa, ya san matan da ke saƙa tabarma da faifai da igiya, ya san cewa kuɗin kaba ya saya wa yara da yawa littafi da biro. Sana'a ce mai rai, mai ilimi a cikinta: lokacin yankan da ba ya kashe uwa, yadda ake shanya, yadda ake rini, ƙidayar da ake yi kafin zane ya fito daidai a tabarma. Wannan ƙidayar lissafi ce tsantsa, ko mun ƙi ko mun so. A bikin da na halarta an shimfiɗa tabarmin kaba biyu don ado a gaban rumfa, manyan baƙi kuwa suna zaune kan kujerun roba bisa tabarmar leda. Matar da ta saƙa su, uwar wani ɗalibi ce, tana bayan katanga tana leƙe, don ba ta da katin gayyata. Da ita aka zaunar a tsakiyar fili da yara goma kewaye da ita na awa guda, da an yi bikin al'ada na gaskiya ba tare da an karɓi ko dala daga hannun kowa ba.

Haka muke yi wa maƙwabtanmu. Aka ɗauko yaron Bahaushe aka ba shi sanda da malafa wai shi ne Bafulatani, aka naɗe wa wani fuska wai shi ne Ba'abzine, suka yi ta gwarancin Hausa ana ƙyaƙyatawa. Alhali a cikin makarantar akwai ƴaƴan Fulani da na Abzinawa na gaske, ba wanda ya ce su zo su gai da jama'a da harshensu. Wasan da ke tsakanin ƙabilunmu, irin na Bagobiri da Bazabarme ko Bafulatani da Babarbare, abu ne mai ƙa'ida, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014. Ƙa'idarsa ita ce kowa ya tsokana, kowa ya rama. Wanda aka yi a filin nan tsokana ce ba ramuwa.

Akwai al'adar da ba ta taɓa buƙatar takardar darakta ba, ita ce kokawa. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, yaran ƙasar nan ba su taɓa manta sunan ƴan kokawa ba. Ka tsayar da yaro ɗan shekara goma a Korgom ka tambaye shi wa ke riƙe da takobi, zai gaya maka, ya ƙara maka da jihar da ya fito da wanda ya kayar. Me ya sa? Don kokawa ba kwaikwayo ba ce. Akwai mai suna, akwai gari, akwai faɗuwa ta gaske, ana kuma ba da labarinta a rediyo da harshen da kowa ke ji. Abin da ke da suna da gari shi yaro ke riƙewa.

Wannan ya kawo ni ga harshe, inda laifin ya fi zama namu mu malamai. Ni na rataya sambol a wuyana. Ƙaramin ƙashi ne da igiya, duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a harabar makaranta sai a rataya masa, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa, wanda ya kwana da shi ya sha bulala. Na rataya shi ina yaro, kuma, Allah Ya yafe mini, na rataya wa wasu a farkon aikina. Yau ƙashin ya ragu, amma halin yana nan: a makarantu da dama yaro bai isa ya tambayi abin da bai gane ba da harshen uwarsa. Kwana ɗari da wani abu muna nuna masa Hausa harshen kasuwa ce da bayan gida, rana ɗaya mu ce ya yi alfahari da ita. Yaro ba wawa ba ne. Ya san wanne ne gaskiyarmu.

Kuma ba a ce ba a taɓa gwadawa ba. Tun 1964 Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi yana kira a koyar da yaran Afirka da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Fiye da shekara hamsin ke nan ana kiran abin gwaji. Yazi Dogo malamin makaranta ne, da Hausa ya yi wasannin kwaikwayon da suka karantar da ƙasa guda. A ranar 26 ga Maris 2025 sabon kundin da aka sa wa hannu a Yamai ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Madalla. Amma takarda ba ta shiga aji da ƙafarta. In har bayan wannan mai jawabi zai tsaya gaban iyaye a ranar al'ada ya nemi afuwa don ya yi sallama da Hausa, to kundin yana Yamai, mu muna inda muke.

Na san abin da za a mayar mini. Wasu iyaye, musamman masu riƙo da addini, za su ce ai dama mun faɗa, a soke bikin gaba ɗaya, shashanci ne da maguzanci. Ina tare da ku rabin hanya. Ni ma ban ga dalilin fito da ƴan mata da suka tasa su yi rawa gaban ƙartin gari masu waya a hannu ba, kuma ban ga amfanin sa yaro ya kwaikwayi hawan bori don a yi dariya ba. A cire waɗannan. Amma wa ya ce al'adarmu rawa ce kaɗai? Allo da tawada da alƙalamin gamba ba al'ada ba ne? Zayyanar da ake yi wa allon mai sauka fa? Rubutun ajami da kakanninmu suka yi wasiƙa da shi tun kafin a san boko? Ban ga ko ɗaya daga cikinsu a filin bikin ba. Masu shirya biki sun bar su don a ganinsu ba gargajiya ba ne, ku kuma kun bar bikin don a ganinku ba addini ba ne, yaro ya tashi a tutar babu.

Wasu kuma za su ce jarrabawa ce a gabanmu, wannan ɓata lokaci ne. Yaron da ya zauna gaban tsohuwa ya yi mata tambaya, ya rubuta amsarta, ya gyara rubutun, ya karanta gaban jama'a, ya yi aikin da ya fi kwafe shafi goma daga allo. Ƴan'uwana malamai kuwa za su ce manhaja ta yi yawa, aji ya cika, albashi ba ya kai wata. Duk gaskiya ne, a jikina nake jin su. Sai dai makonni uku muka ɓata ana koya wa yara takun rawa da yamma. Lokacin yana nan, abin da muka zuba a ciki ne ba shi da nauyi.

Ga masu mulkin garuruwa ma akwai magana. Mun ga Maraɗi Kwalliya ranar 18 ga Disamba 2015, an yi tituna, an yi gine-gine, an yi fareti, birni ya yi kyau, ba mai musun wannan. Amma salon da ƙananan garuruwa da makarantu suka kwaso daga irin waɗannan manyan bukukuwa shi ne rumfa da jerin jawabai da jiran babban baƙo. Kuɗin hayar rumfar yini ɗaya zai buga ƙaramin littafi na tarihin gari da Hausa, a raba wa kowane aji. Rumfa ana naɗe ta da la'asar.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Duk yaron da za a naɗa wa rawani a ba shi suna da gari da shekara, ya tsaya ya faɗi wane ne shi da bakinsa. Jawabi ya zama da harshen iyayen da suka biya kuɗin kujeru. Maƙeri da masaƙiya da marini da malamin allo su zauna cikin fili a matsayin masu koyarwa, a ba su ɗan abin goro daga kuɗin da za a kashe kan anko. Kafin ranar, kowane yaro ya kawo labari ɗaya daga bakin tsohon gidansu a rubuce, a ɗinke su wuri guda a ajiye a makaranta, don tsofaffin nan ba jiranmu suke ba. Kuma iyaye, in takarda ta zo, kafin ku sa hannu a aljihu ku je ku tambayi darakta: me ɗana zai sani ranar da bai sani ba jiya? In amsar ita ce zai yi kyau a hoto, ku riƙe kuɗinku.

Ni dai na riga na yanke nawa. Na gaya wa ƙungiyar iyayen yara a fili cewa baɗi ba zan biya kuɗin anko ba, kuma na gaya wa ɗiyata dalili, ta yi fushi kwana biyu. Tun da 14 ga Yuli tana faɗowa cikin hutun damina, lokacin da yara ke gona, na nemi izini in kai ajina Mai Jirgi a watan Fabrairu, kafin zafi ya sauko. Na yi magana da wani direba ya yi mini ragi, iyaye goma sha ɗaya sun ce za su ba da jika ɗaiɗai, ɗalibin nan ɗan garin kuma ya ce kakarsa ta yarda za ta zauna da mu, da sharaɗin kada a ɗauke ta hoto. Saura kujera shida a motar, malamin da ke so ya zo da nasa yaran ya yi mini magana kafin ƙarshen watan Janairu.